Tankar da ba ta je Carentan ba, da sojan da bai mutu a 1948 ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli kashi na uku na shirin Band of Brothers, wanda suka sa wa suna Carentan, har sau biyu. Wani abokina ya ce min rabin abin da ke ciki ƙarya ne, wai har tankar yaƙin da aka nuna ma ba ta wurin ba ce. Ni kuwa na ga tsofaffin sojojin da kansu suna magana a farkon shirin. Tsakanina da shi wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, ɗana. A kan tanka abokinka ya ci gari. Amma da ya ce rabi ƙarya ne ya cika gishiri. Na daɗe ina koyar da tarihin yaƙi, kuma wannan kashi yana cikin waɗanda nakan kunna wa ɗalibai in ce su fito min da kura-kurai. Kullum tankar suke fara kamawa, domin ita ce mai girma da ƙara. Kuskuren da ya fi ta muni yana can ƙarshe, rubutu ne na layi biyu ko uku, kuma da wuya ɗalibi ya ɗaga hannu a kansa. Za mu zo wurin.

Saboda wanda bai kalla ba: tashar HBO ce ta fitar da shirin a 2001, kashi goma, ƙarƙashin jagorancin Steven Spielberg da Tom Hanks, daga littafin da Stephen Ambrose ya wallafa a 1992. Labarin kamfani guda ne na sojojin laima na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, Kamfanin Easy, na bataliya ta biyu a rajimanti ta 506, runduna ta 101. An zuba su daga jirage a Normandi ta Faransa a daren wayewar 6 ga Yuni 1944. Kashi na uku yana ba da labarin yadda aka ƙwace garin Carentan daga hannun Jamusawa a ranar 12 ga Yuni, da gumurzun da aka yi washegari da Jamusawan suka dawo ramuwa. Garin ƙarami ne, amma yana zaune tsakanin gaɓar Utah da gaɓar Omaha, wurare biyu da Amurkawa suka sauka ta ruwa. Muddin yana hannun Jamus, rundunonin nan biyu ba za su haɗe ba. Duk wannan ana nuna shi ne ta idon wani ƙaramin soja mai suna Albert Blithe.

In ba wa mai haƙƙi haƙƙinsa, abubuwa da yawa da mai kallo zai ɗauka ƙarin armashi ne sun faru da gaske, bisa shaidar waɗanda suka halarta. Laftanar Winters, mai jagorantar kamfanin, ya tsaya a tsakiyar titi, bindiga mai jigida tana ɓarin wuta, yana daka wa mutanensa tsawa yana shurinsu su fito daga lambatu. Wani ɓarɓashin harsashi da ya daki wani abu ya dawo ya same shi a ƙafa. Limamin cocin nan da ke yawo a titi ba makami yana yi wa masu gargarar mutuwa addu'a, mutum ne na gaske, John Maloney. Saje Talbert ya sha sukar banati daga ɗan'uwansa soja, saboda ya je tashinsa gadi cikin dare sanye da rigar ruwan Jamusawa. Makantar da ta kama Blithe ba tare da wani rauni a ido ba, ta warware bayan Winters ya yi masa magana a hankali, ita ma Winters da bakinsa ya ba da labarinta. Hatta tambarin karta da ke gefen hular kwanonsu daidai yake, domin kowace rajimanti a runduna ta 101 da irin nata. Wanda ya yi wannan ƙoƙari ba za a kira shi maƙaryaci kai tsaye ba.

To, tanka. A faɗan 13 ga Yuni, cikin motocin sulke da suka ɓullo daga bayan tudu akwai wata ƙatuwa mai goshi a kishingiɗe da dogon bututu. Siffar Jagdpanther ke nan. Rundunar Jamus da ta kawo harin ita ce ta 17 ta SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi, tare da ragowar rajimanti ta 6 ta sojojin laiman Jamus, kuma rundunar ta 17 ba ta da Jagdpanther ko ɗaya. Abin da take da shi shi ne StuG, motar sulke ce mai ɗauke da igwa amma ba ta da kan da ke juyawa, sai a karkata motar gaba ɗaya in ana son saiti mai faɗi. Ita Jagdpanther, bataliya guda ce, ta 654, ta zo da ita Normandi, kuma faɗanta da aka fi sani a can ya auku ne a ranar 30 ga Yuli, da sojojin Birtaniya, inda guda uku suka lalata tankokin Churchill kusan goma cikin 'yan mintoci. Ka ga makonni kusan bakwai ne tsakani, wuri daban, abokan gaba daban.

Wani zai ce ai duk ƙarfe ne. A'a. StuG nauyinta bai wuce tan 24 ba, igwarta mai bakin milimita 75 ce. Jagdpanther ta kai tan 45, igwarta milimita 88, kuma tankar Sherman ta Amurka mai igwar 75 ba ta iya huda goshinta. Da a ce irinta ce ta fito a wannan rana, da Shermomin da suka kawo ɗauki sun ji jiki, da labarin yinin ya sake kama. Saboda haka in ɗalibi ya kama wannan nakan ba shi makinsa. Sai dai ni ba na ɗaga jijiyar wuya a kai. An ɗauki mafi yawan shirin ne a tsohon filin jirgi na Hatfield a Ingila, sama da shekara hamsin bayan yaƙi, kuma motocin Jamus da ake gani kwaikwayo ne da aka ƙera bisa ƙafafun wasu motocin sulke na baya-bayan nan. Mai shirya fim da abin da ke garejinsa yake aiki. In ka lura da tayoyin da ke cikin sarƙa za ka gane, domin jikin sama ana iya yi masa kwaskwarima amma ƙafa ba ta ɓuya.

Sai furen nan fari. Ana nuna gawar sojan laiman Jamus da furen edelweiss a ƙirjinsa, wani hafsa yana bayanin cewa a ƙololuwar tsaunukan Alps kaɗai yake tsirowa kuma alamar jarumta ce, daga baya Blithe ya cire irinsa daga jikin wanda ya harbe ya maƙala a rigarsa. Furen na tsauni ne, wannan gaskiya. Amma a sojan Jamus edelweiss tambarin mayaƙan tsauni ne, suna ɗinka shi a hannun riga ko su maƙala na ƙarfe a hula. Tambarin sojan laima gaggafa ce mai kawo sura. Ga kuma tambayar da ɗan kauye ma zai yi: rajimanti ta 6 tana Normandi tun watan Mayu, a fadama, ina mutum ya samo ɗanyen furen tsauni bai yanƙwane ba? Marubuci ne ya buƙaci abin da zai nuna Blithe ya rikiɗa daga matsoraci ya zama soja, ya miƙa hannu ya tsinko fure.

Akwai kuma laifuffukan da kyamara ke tilastawa, waɗanda kusan kowane fim ɗin yaƙi ke da su. Sojoji suna tafiya a cunkushe kafaɗa da kafaɗa, alhali abu na farko da ake cusa wa kurtu shi ne ya ba da tazara don kada harsashin igwa guda ya kwashe mutum biyar. Abokan gaba suna kusa har kana ganin fuskarsu. Tankoki suna hawa kan tudu su tsaya sararin sama na bayansu, kamar suna jiran a ɗauke su hoto. A Normandi ta gaske gonaki ne ƙanana, kowace an kewaye ta da ganuwar ƙasa da ta kai ƙirji ko ta fi, bishiyoyi da ƙaya sun tsiro a kanta tun kaka da kakanni. Soja yakan yini yana harbin shinge bai ga mutum ko ɗaya ba. Amma wa zai zauna awa guda yana kallon shinge? Waɗannan ban ƙirga su.

Abin da nake ƙirgawa shi ne yadda kashin ya bar mai kallo da tunanin cewa Kamfanin Easy ne ya ci Carentan. Ba wanda ya furta haka a shirin, amma in ka kashe talabijin da abin da za ka tashi ke nan.

Ga yadda aka yi. Jamusawa sun cika fadamun kogin Douve da ruwa, don haka hanyar shiga garin daga arewa guda ce, wani titi da aka ɗaga bisa fadama mai gadoji huɗu, ba wurin ɓuya dama ko hagu. Bataliya ta uku ta rajimanti ta 502, ƙarƙashin Laftanar Kanar Robert Cole, ita aka tura ta bi wannan titi a ranar 10 ga Yuni. Sun yini sun kwana suna rarrafe a gefen titin ana tsintar su ɗaya-ɗaya, har jiragen Jamus suka zo da dare suka ƙara musu. Da safiyar 11 ga Yuni Cole ya ga ci gaba da kwanciya mutuwa ce, ya sa aka harba hayaƙi, ya ce a ɗaura banati, ya busa usur ya miƙe da gudu. Da farko mutum kamar ashirin ne kacal suka bi shi, sauran ba su ji umarnin ba ko sun kasa ɗaga kai, sai daga baya mataimakinsa ya taso da wasu. Sun kori Jamusawa daga gidan gonar da ke tsare bakin titin, suka yini suna kare shi. Asarar da aka yi a titin nan ta sa sojoji suka laƙaba masa sunan lambar da ake ba wanda aka raunata a fagen fama. An ba Cole lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, amma bai riƙe ta a hannu ba, domin wani maharbi ya kashe shi a Holan a ranar 18 ga Satumba na shekarar.

Wannan faɗa ne ya cinye albarusan Jamusawa. Kwamandansu, von der Heydte, ya janye mutanensa daga garin a daren 11 ga wata, ya bar 'yan tsirarun da za su riƙe baya. Su ne Kamfanin Easy ya tarar da asubar 12 ga Yuni. Kuma ba shi kaɗai ya shiga ba: yana tahowa daga kudu maso yamma, rajimanti ta 327 tana shigowa daga ɗaya ɓangaren, ta 501 tana zagayawa ta gabas, Birgediya Janar McAuliffe yana haɗa kan aikin. Kafin hantsi an gama. Ban ce faɗan titin wasa ne ba, wanda bindiga mai jigida ta tare a mararraba ba ruwansa da yawan waɗanda suka rage a gari. Mutane sun rasa ido, sun rasa ƙafa. Amma wasu ne suka yi noma da shuka, kyamara ta zo ranar girbi. Sunan Cole bai fito a kashin ba.

Haka ma ranar 13. A shirin, Shermomi suna ɓullowa ne daidai lokacin da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, kamar sa'a ce ta kawo su. Gaskiya ne kamfanonin da ke hagun Easy sun ja da baya sun bar gefensa a buɗe, kuma gaskiya ne Laftanar Welsh da wani soja McGrath sun fita fili da bazuka sun daki wata motar sulke a ciki lokacin da ta ɗaga gaba tana haye ganuwa. Amma tankokin runduna ta 2 ta sulke ba tsautsayi ya kawo su ba. Masu fasa sirrin saƙonnin Jamus a Ingila sun riga sun karanto cewa runduna ta 17 ta SS na shirin kai hari Carentan, aka sanar da Janar Bradley, kwamandan sojojin ƙasa na Amurka a Normandi, shi kuwa ya karkato da sulke wurin tun kafin a fara. Sojan da ke cikin rami bai san wannan ba, domin sai a 1974 aka bayyana wa duniya labarin fasa sirrin. A nan na yi wa shirin uzuri rabi: ya zaɓi ya tsaya a cikin rami tare da ƙananan sojoji, kuma daga cikin rami abin da ake gani ke nan. Sai dai mai kallo ya sani cewa ramin yake kallo.

Yanzu ga wanda ba ni da uzuri a kansa.

A ƙarshen kashin an tura sintiri duba wani gidan gona, Blithe ya ce shi zai wuce gaba, maharbi ya same shi a wuya. Ana nuna shi a gadon asibiti, ido a buɗe, ba ya motsi. Sai allo ya yi baƙi, farin rubutu ya fito yana cewa Albert Blithe bai taɓa warkewa daga raunin da ya samu a Normandi ba, ya mutu a 1948.

Bai mutu ba. Harsashin a kafaɗar dama ya same shi. Ya yi doguwar jinya, aka sallame shi a 1945, ya yi aure, ya haihu, daga baya ya koma soja ya mai da shi sana'a. Ya yi aiki a Koriya da Taiwan, ya kai muƙamin babban saje. A watan Disamba 1967, yana bakin aiki a Jamus ta Yamma, gyambon ciki ya fashe masa, ya rasu a asibitin sojan Amurka na Wiesbaden a ranar 17 ga wata yana da shekara 44. Shekara 19 cur aka yanke daga rayuwar mutum, kuma shekarun nan su ne suke rushe hoton da kashin ya zana. An nuna mana yaro mai rauni wanda yaƙi ya karya ya haɗiye. Mutumin gaskiya kuwa ya tashi ya sake sa kaki, ya ci gaba da dirowa daga jirgi har tsakiyar shekarunsa.

Dalilin da ya sa na fi tsananta wa wannan shi ne wurin da aka ajiye shi. In ɗan wasa yana magana, kowa ya san wasa ne, an yarda marubuci ya sa masa kalmomi a baki. Amma baƙin allo da farin rubutu, nan ne shirin ke tuɓe rigar wasa ya ce da kai yanzu tarihi nake gaya maka. Ka ce ka ga tsofaffin sojojin suna magana a farko, shi ya sa ka amince. Daidai, an jera su a farko ne don ka amince, kuma amincin nan ne ya ɗauki kuskuren ya kai shi gidaje miliyoyi. Iyalan Blithe suna raye lokacin da aka haska shirin. Su ne suka fito da takardu suka ce ga mahaifinmu, ga ranar rasuwarsa. Duk da haka rubutun ya ci gaba da fitowa yadda yake a faya-fayan shirin da aka sayar daga baya.

Yaya aka yi haka? Ambrose ya gina littafinsa ne bisa hira da tsofaffin kamfanin, sama da shekara arba'in bayan yaƙi. Blithe bai dawo cikinsu ba bayan an ɗauke shi a makara, labarinsa ya yanke musu, magana ta zaga a tsakaninsu cewa ya mutu. Aka faɗa wa marubuci, ya rubuta, masu fim suka kwafa daga littafi. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. An dai rasa mutum guda da zai aika a duba fayil ɗin soja, alhali an kashe kusan dala miliyan 125 a shirin, har maɓallin riga an tantance.

Wannan cuta na san ta da idona. Ina matashi na zauna da wasu tsofaffin mazan jiya namu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ina ɗaukar maganarsu a kaset. In dattijo ya ce maka ga yadda matsattsaku ke shiga takalmi a kwarin Kaladan, ko ga warin da kaki ke yi in ya kwana goma a jiƙe, rubuta, ba takardar da za ta fi shi. Amma da na tambayi biyu daga cikinsu, kowa daban, makomar wani abokinsu guda, ɗaya ya rantse a gabansa aka binne shi a daji, ɗayan ya ce tare suka sauka daga jirgin ruwa a Legas. Dukansu na yarda da gaskiyarsu. Soja yana riƙe abin da jikinsa ya ji daram. Kwanan wata, lambar runduna, da abin da ya sami wanda aka kwasa zuwa asibiti, waɗannan ji ya yi a bakin wani, sai a nemi takarda.

Kuma ba a kashi na uku kaɗai abin ya tsaya ba. Kashi na tara yana buɗewa da rubutun 11 ga Afrilu 1945, a wannan zama kuma ake sanar da mutuwar Hitler, wanda bai kashe kansa ba sai 30 ga Afrilu. Sansanin Kaufering da aka nuna Easy ya gano, runduna ta 12 ta sulke ta riga su isa da kwana guda. A kashi na goma ma, sojojin runduna ta 3 ta ƙasa ne suka fara shiga Berchtesgaden a ranar 4 ga Mayu. In ka lura, banda na kwanan watan, duk gefe guda suke karkata, wajen ƙara wa kamfanin da ya samu marubuci.

Akwai ma wani lissafi da ke ruɗa mutane. Littafin ya ce kamfanin ya diro Normandi da mutum 139, aka janye shi daga bakin daga a 29 ga Yuni da 74. Mutane sukan ɗauka 65 ɗin nan duk matattu ne. A lissafin soja, asara ta haɗa da wanda aka kashe, da wanda aka raunata, da wanda aka kama ko ya ɓace. Da yawa cikin su sun warke sun dawo kafin a diro Holan a watan Satumba. Wasu ba su dawo kamfanin ba amma sun rayu, kuma Blithe yana cikin waɗannan.

Don haka ka gaya wa abokinka ya ci tanka, in ya ƙara da fure ma ya ci. Sai kai kuma ka tambaye shi shekarar da Blithe ya mutu. In ya ce 1948, ka ce masa ya nemi hoton kabarin a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da birnin Washington. Dutsen yana nan, da sunansa, da muƙaminsa, da 1967.